Ranar da ke Ƙarƙashin Sunan Gye-sun

Dutsen guga na jona alhali tukunyar shinkafa tana aiki, sai fis ya buga, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Ban kai ga yin tsaki ba na ji ihu ta bayan bango, irin na wanda aka taka wa gyambo. Na saki wandon da nake wa kalmasa na fita da silifas ƙafa ɗaya.

Na tarar da Baba Pyo zaune a ƙasa gaban talabijin ɗinsa da ya koma baƙi ƙirin. Hannuwansa suna rawa kamar kullum, hawaye na bin kuncinsa bai ko damu ya share ba.

"Maman Hye-rin, kin mayar da ita daji," in ji shi.

"Wa na mayar daji?"

"Gye-sun. Har bakin ƙofar gari na kawo ta. Kin mayar da ita."

Gye-sun matarsa ce, kuma ni da hannuna na goge kayan da aka sa wa gawarta. Don haka na tsaya ina kallonsa, ina cewa a raina shi ke nan, ciwon ya bar huhu ya hau kai.

Gidanmu tsohon gini ne a saman tudun unguwar Yeongdo da ke bakin teku, ɗaki biyu, bango ɗaya a tsakani, fis ma ɗaya. Ni tela ce, tun da 'yata Hye-rin ta yi aure a birnin Daegu nake zaune ni kaɗai da keken ɗinkina. Shi kuwa Baba Pyo walda ya yi a wurin ƙera jiragen ruwa har ƙurar ƙarfe ta cinye masa ƙirji. Tarinsa ne agogona na safe.

Da na gyara fis ɗin na dawo, sai ya kunna wata na'urar wasan bidiyo da ke jone da talabijin ɗin ya ce in zauna in gani da idona. Lokacin da ƙafafun Gye-sun suka daina ɗaukarta, ɗansu Tae-gon ne ya aiko mata da abin daga Seoul don ta rage zaman shiru. Ashe tsohuwar ta kama shi hannu bibbiyu. Ta ƙirƙiri wata mata a ciki ta sa mata sunanta, ta gina mata gida a wani ƙauye, har da lambun kabeji a bayansa. Wata rana kyarkeci ya ciji matar a daji, tsinuwa ta kama ta. Da ranta ya ɓaci sai ta rikiɗe, gashi ya rufe ta, jela ta fito. Mutanen ƙauyen suka kulle mata ƙofa, gidan da ta gina ya fi ƙarfinta.

"A asibiti ta riƙe mini hannun riga," in ji Baba Pyo. "Ta ce, 'Tsoho, kar ka bar ni da jela.' Na yi dariya. Ita ba ta yi ba."

"To ka warkar da ita mana, ka huta."

"Na warkar. Tun kaka nake fama, hannun nan yana zubar mini da ruwan maganin. Sai makon jiya na kai."

"To me ya hana ka danna na'urar ta ajiye inda ka kai? Ko jikana ya san ana ajiyewa."

Ya nuna mini talabijin da haɓa. Sunan Gye-sun ne rubuce, a ƙarƙashinsa kwanan wata. Na gane ranar tun kafin in gama karantawa: ranar da motar asibiti ta tsaya a gindin tudu, muka sauko da ita a kujera, ba ta kai dare ba. Da safiyar ranar ta yi ajiyarta ta ƙarshe. Wasan kuma gurbi ɗaya gare shi, in ka ajiye sabo, tsohon ya goge har da ranarsa.

Tokar Gye-sun a teku aka watsa, yadda ta roƙa. Ba ta da kabari, ba ta da dutse. Sai a lokacin na lura da ɗan teburin da ke gaban talabijin, da kwanon shinkafa da cokali a tsaye a cikinsa, da ƙaramin kofin giya. Nan yake mata sujadar tunawa, yadda muke yi wa mamatanmu. Shi ya sa da ya warkar da ita ya kasa dannawa, ya bar na'urar a kunne dare da rana, har ni da dutsen gugata muka shafe masa wahalar wata da watanni.

Haushi ya kama ni, na kaina da nasa duka. Na fizge abin dannawar daga cinyarsa.

"Kawo nan. Hannun da ke zura zare a allura ba tabarau, kwanon ruwa ne zai gagare shi?"

Ya gagare ni kuwa. Maganin yana rijiya a ƙolin dutse. Za a ɗebo a kwanon ƙasa, a sauko da shi ta cikin daji har wurin wata tsohuwa da ke zaune a bakin ƙofar ƙauye, ta wanke wa mai tsinuwar fuska. A hanya 'yan fashi za su tare ki, yara su jefe ki, karnuka su bi ki. In kika rama ko sau ɗaya, sai ki rikiɗe, kwanon ya faɗi ya fashe. Ni kuwa tun ina yarinya ba a taɓa ni in yi shiru.

"Kar ki rama! Wuce kawai!"

"Ba ka ga ya jefe ni ba?"

"Yaro ne, Maman Hye-rin."

"Uwarsa ba ta yi masa tarbiyya ba."

"Ga shi nan, kin fasa. Ni dai na fara zargin ke ce kyarkecin, ba matata ba."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da na ga ja a hankicinsa. Ya dunƙule shi ya tura ƙarƙashin katifa, ni ma na yi kamar ina duba maɓalli.

Kowace rana bayan na sallami masu kawo ɗinki sai in shiga da kunun shinkafa, in ba shi a baki, in hau dutse. Da farko yana zaune yana ba ni umarni kamar shugaban leburori. Daga baya ya koma jingina da bango. Daga baya kuma ya kwanta, na juya masa katifar yadda zai riƙa gani.

Ana cikin haka Tae-gon ya kira ni a waya.

"Inna, na samo wa Baba gado a asibiti a nan. Ranar Asabar zan zo in ɗauke shi, ɗakin kuma a mayar wa mai gida."

"Kayansa fa?"

"Wane kaya gare shi? Masu kwasar shara za su zo."

Ba mugun yaro ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Na gaya wa uban, ya lumshe ido ya ce in hau dutse.

Ranar Talata na sauko da ruwan. Na cije leɓe har ya fashe, aka jefe ni, aka zage ni, kare ya kama mini zani, ban ɗaga hannu ba. Tsohuwar bakin ƙofa ta tsoma hannu a kwanon ta shafa wa Gye-sun a fuska, wani baƙin hayaƙi ya fita daga bayanta ya bi iska. Sai rubutu ya fito: a ajiye a kan na da? E ko a'a. Sai an ajiye sannan ƙofar ƙauyen za ta buɗe.

Na miƙa masa abin dannawar. Ya karɓa ya ɗora a ƙirji.

"Ba yau ba."

"Baba, kar ka sa in yi maka rashin kunya."

"Ba yau ba, na ce."

Haka na koma ɗakina na zare dutsen guga da na'urar ɗumama ɗaki da tukunyar shinkafa, don kar fis ya sake bugawa. Tsakiyar hunturu, iskar teku tana shigowa ta ƙasan ƙofa. Na sa riga a kan riga, na ci shinkafa mai sanyi, na ce wa masu kaya dutsen gugar ya lalace. Laraba ya ce ba yau ba. Alhamis da yatsuna suka ƙi riƙe allura, na shiga na sauke masa duk abin da ke cikina.

"Ni ba matarka ba ce, ba 'yarka ba ce! Sanyi zai kashe ni saboda rubutu a talabijin? Jibi ɗanka zai zare wayar nan daga bango, ta koma daji da jelarta har abada. Tsoro kake ji, Baba. Faɗi gaskiya."

Ya daɗe yana neman numfashi. Da ya samu, muryar ba ta fi ta sauro ba, sai da na durƙusa.

"Ba tsoro ba ne. Ba zan goge ranarta in sa ranar banza ba, ranar da ba ta kowa ba. Rana ɗaya ce kawai na yarda ta hau kan tata."

"Wace rana?"

Ya kalle ni kawai. Na gane ranar mutuwarsa yake nufi, tsoro ya kama ni.

"In kuma ba ta zo kafin Asabar ba fa?" na tambaye shi.

"Za ta zo. Walda na yi, na san ƙarfen da ya kusa rabuwa."

Na gyara masa bargo na fita. A bakin famfo na yi kukana, inda ba zai ji ba.

Ranar Juma'a ban ji tarin safe ba. Na dama kunun duk da haka, a kan ɗan murhun gas, ina ta jan lokaci kamar wadda ba ta san hanyar ɗakin ba. Rana ta riga ta haye rufin maƙwabta lokacin da na tura ƙofar.

Yana kwance yadda na bar shi, fuskarsa wajen talabijin, idanunsa a buɗe kaɗan. Abin dannawar yana ƙirjinsa, hannuwansa biyu sun riƙe shi, babban yatsansa yana kan maɓallin daidai. Karo na farko ke nan da na ga hannun nan ba ya rawa. A talabijin kuwa tambayar tana nan, e ko a'a. Ya san ranar ta zo, ya kai yatsa, ƙarfin dannawa ne ya rasa.

Na ajiye kunun. Na kira sunansa, na taɓa wuyansa, da sauran ɗumi amma rai ya yi halinsa. Na san abin da ya kamata in fara yi shi ne kiran asibiti da kiran Tae-gon. Sai na durƙusa na ɗora yatsana a kan nasa.

"Baba, yau ce," na ce masa. "Danna mu gani."

Na danna da yatsansa. Na'urar ta yi ɗan ƙara, tsohon kwanan watan ya ɓace, na yau ya zauna a ƙarƙashin sunan Gye-sun.

Ƙofar ƙauyen ta buɗe. Na zare abin daga hannunsa a hankali, na bi da ita ta cikin kasuwa, ba wanda ya gudu, ba wanda ya jefe ta. Na kai ta gidanta. Kabejin ya bushe, ciyawa ta cinye lambun. Na zaunar da ita a dakalin ƙofa, sannan na rufe masa ido na kira asibiti da ɗansa.

Kafin motar asibitin ta iso gindin tudu na wanke kwanon da ke kan ɗan teburin, na zuba kunun da ɗuminsa, na nemo cokali na biyu na sa kusa da na farko. A talabijin Gye-sun tana zaune a dakalinta, hannuwanta a cinya, tana kallon hanya.