Takarda ta Sittin da Huɗu

Ranar Litinin ta biyu da dawowa daga hutu, Malama ta shiga makarantar gwamnatin da take koyarwa riƙe da hannun 'yarta. Shekara biyar ke nan tana sauke yarinyar a ƙofar wata makarantar kuɗi mai koren fenti, sannan ta tsallaka titi biyu ta zo nan ta koyar da 'ya'yan wasu. Wannan karon ba su tsaya a waccan ƙofar ba. Yarinyar shekararta goma, ajinta biyar, kuma aji biyar ɗin Malama take riƙewa.

Abin ya faro ne daga takardar da makarantar kuɗin ta ba yara ranar da aka yi hutu. An rubuta ta da ladabi: tsadar man janareta, albashin malamai, sabon ɗakin kwamfuta. Sai a layin ƙarshe aka faɗi ƙarin, ya kai rabin abin da suke biya. Karo na uku ke nan cikin shekara biyu. Malama ta karanta a tsaye a ƙofar kicin, ta ninke ta, ta sa ƙarƙashin gwangwanin sukari inda maigidan ba zai kasa gani ba.

Maigidan direban motar asibiti ne, mutum mai barkwanci. Lauya yake kiran 'yarsa tun tana goye, tun kafin a gane tana da i'ina, kuma da aka gane bai canja ba. Da ya karanta takardar ya ce a bar yarinya inda take, zai nemi aikin ranakun hutu, in ta kama ya sayar da babur. Malama ta tambaye shi da me zai riƙa zuwa aiki. Ya ce ai ba don ado aka yi masa ƙafa ba. Ta ce to, zango mai zuwa sai ya sayar da ƙafar.

Ba ta ja gardamar ba. Makarantar kuɗin ta ba iyaye mako ɗaya bayan komawa su biya, ita kuwa tana da hanyar da take gane gaskiyar karatun yaro. Duk farkon zango takan yi wa ajinta gwajin lissafi, tambaya ashirin. Kowa zai rubuta sunansa a kusurwar takarda, ya ninke kusurwar sau biyu, don kada ta ba da maki saboda fuska. Ranar Laraba ajin ya yi gwajin. Da yamma ta zaunar da Lauya a teburin cin abinci, ta ba ta tambayoyin, ta ajiye agogo a gabanta, minti arba'in. Yarinyar ba ta tambayi dalili ba. Ta gama, ta ninke kusurwa yadda ta saba ganin uwarta na koya wa wasu.

Rubutun 'yarta ko a duhu Malama za ta gane shi, don haka ta cusa takardar a tsakiyar sauran, ta kai wa Malam Dogo, malamin kimiyya, ta ce idonta ne ke damunta. Washegari ya dawo da su a jere, daga mafi maki zuwa ƙasa. Ya ce yana taya ta murna, ajinta ya haihu, domin rajista ta ce sittin da uku, shi kuma sittin da huɗu ya ƙirga.

Ta jira ɗakin malamai ya watse sannan ta fara warware kusurwoyin. Lauya ta zo ta goma sha ɗaya. Cikin goman da suka wuce ta akwai 'yar mai sayar da kayan miya a bakin ƙofar makaranta, akwai wata da ke rubutu a kan cinya saboda bencinsu ba shi da tebur. Malama ta daɗe tana kallon sunayen. Ta ji daɗi, domin ita ta koyar da su. Ta kuma tuna kuɗin da suka shekara biyar suna biya a can.

Da yamma ta shimfiɗa wa maigidan takardun, ta nuna masa maki. Ta ce abin da suke saye a can, ga shi tana bayarwa kyauta a nan. Ya juya takardar 'yarsa, ya ce shi lissafi ya bar shi tun aji uku, amma akwai abin da ya gani da idonsa. Wata rana ya je ɗaukar ta da wuri, ya tsaya ta taga. Malamarsu ta yi tambaya, Lauya ta miƙe, kalmar ta maƙale. Yara goma sha takwas suka yi tsit. Malamar ta jingina da tebur ta jira, har kalmar ta fito.

"Shi nake biya, Malama," ya ce. "Ke a ajinki, har yaushe kike jira?"

Ta san amsar, don ɗabi'arta ce ta shekara goma sha shida. In ta kira yaro takan ƙirga uku a zuci, sai ta ce na gaba. Da yara sittin da uku da minti talatin da biyar, ba ta ga wata hanya ba. Sai a lokacin ta gane ta gwada 'yarta a takarda, wurin da bakinta ba ya hana ta komai. Ta tattara takardun.

Gane hakan bai kawo kuɗin ba. Aikin ranakun hutun wani direban aka ba, wanda ya girme shi a aiki. Mai sayen babur ya zo ya duba, ya yi tayin da bai wuce zango ɗaya ba. Ranar Lahadi da rana suka kira Lauya falo. Uban ya fara da wasa, ya ce an yi wa babbar lauya canjin kotu, amma muryarsa ta ƙi, sai Malama ta ƙarasa bayanin a taƙaice. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta kalli uwarta, leɓenta na rawa kamar yadda yake yi in kalma na hanya. Suka jira.

"A a-aji, Umma zan ce, ko Malama?"

"Malama," in ji uwar. "In an tashi sai ki ce Umma."

Ranar Litinin aka matsa mata wuri a benci na huɗu, ta zama ta uku a kansa, jakarta a kan cinya. Malama ba ta gabatar da ita ba, amma kamanninsu sun nuna, kafin a buɗe littafi kowa ya san 'yarta ce. Darasin rabawa ne. Ta yi tambaya biyar, hannuwa na tashi kamar kullum, wasu na kaɗa yatsa. Lauya ba ta motsa ba. A ta shida ta ɗaga hannu, bai wuce kafaɗarta ba.

Malama ta nuna ta. Yarinyar ta miƙe, ta buɗe baki, sautin farko ya fito ya tsaya. Ɗaya, biyu, uku. Kalmar "na gaba" ta zo har bakin Malama. A bayan aji wani ya kwaikwayi sautin, dariya ta fara tashi. Ba ta daka tsawa ba. Ta ajiye allin a kan tebur, ta kalli bayan ajin har dariyar ta mutu, sannan ta dawo da idonta kan yarinyar. Ta ci gaba da ƙirga, don ba ta iya dainawa ba. Tana kan ashirin da biyu amsar ta fito, sha huɗu, kuma daidai ne. Ta ce madalla, kamar yadda take ce wa kowa, ta juya ta rubuta a allo, ta ɗan daɗe tana goge wurin da ba komai. Aka buga ƙararrawa saura tambaya biyu ba a yi ba.

Da aka fita tara hedimasta ya aiko kiran ta. Ya ce yana farin ciki da zuwan yarinyar, zai ƙarfafa wa sauran iyaye gwiwa. Sai dai ƙa'ida ba ta yarda malami ya riƙe ajin da ɗansa ke ciki ba, don haka ya kamata yarinyar ta koma ɗaya aji biyar ɗin. Malama ta tuna masa cewa yara saba'in ne a can, kuma tun da aka yi wa malaminsu canji, duk wanda ba shi da darasi shi ke shiga. Ta roƙi a bar mata ita ko da zango ɗaya ne. Ya ce ba shi da ikon wannan, sai ya tambayi mai duba makarantu, wanda ake sa ran zuwansa ranar Alhamis. A rajista dai ya rubuta sunan yarinyar da fensir, ya bar gurbin aji ba komai.