Kunnen Kyalla

Yayana Jibo ko Yamai bai taɓa zuwa ba, balle Indiya. A wayar Faruk, ɗan maƙwabcinmu da ya yi karatu can, ya ga hotunan wasu kogunan dutse na ƙasar. An fafe cikin dutse an yi ɗakunan ibada, mabiya Buda da 'yan Hindu da wasu wai Jain, kowa da nasa. Jibo bai kula da wannan ba. Wani bajimin dutse da ke kwance ya ƙura wa ido.

"Waɗanga ma makiyaya na," ya ce. "Shanunsu sun mutu, shi ya sa sunka sassaƙa su."

Faruk ya yi dariya, bai gyara masa ba.

Mu ma fari ya cinye garkenmu. Ta ƙarshe ita ce Kyalla, saniyar Inna tun tana budurwa. Daga nan Jibo ya koma fasa dutse wajen Malbaza. Da guduma da guntun ƙarfe ya shiga wani kogo bayan rugarmu, ya fito da siffar Kyalla a jikin farin dutse, da tozonta da ƙahonta, har tsagar kunne, shaidar gidanmu.

Inna ta gan ta, ta kira sunanta, ta yi kuka. In za ta kai nonon maƙwabta kasuwar Dogarawa, sai ta ratse ta sauke ƙwarya ta huta a gabanta. Wata rana nonon ya zube. Kafin Juma'a, garin da bai taɓa tambayar me muka ci a shekarar fari ba ya san wai muna shayar da gunki.

Dattawa suka tambayi Faruk, ya ce ai can ma madara ake zuba wa nasu. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ba na gaishe shi.

"Ko ka fasa ta," in ji wani dattijo ga Jibo, "ko babu mai ƙara sayen nonon uwarka."

A al'adarmu, in saniya ta mutu a daji, makiyayi yakan yanko kunnen mai shaida ya kawo wa mai ita. Da la'asar Jibo ya shigo, jikinsa duk garin dutse, ya durƙusa ya ajiye kunnen dutsen a tabarmar Inna.

"Inna, ta mutu."

Inna ta daɗe tana juya shi a hannu.

"Wancan karon Allah ya amshe ta, na yi haƙuri," ta ce. "Wanga karon wa za ni cewa?"