Sojojin da Suka Ja wa Ƙari Layi

Tun a mota Baba ya ce ba zai sake karɓar wani magani ba. Na baya ya kwashe masa gashi da ɗanɗanon baki, ƙarin da ke hanjinsa kuma bai ragu ba. Ya zo asibiti ne kawai saboda babbar 'yarsa ta matsa.

Ofishin likitar ƙarami ne, da famfon wanke hannu yana ɗiga a kusurwa. Gyaran famfo ne sana'ar Baba tun yana saurayi, don haka can idonsa ya tsaya.

Likita ta juyo musu da kwamfuta. Hoton naman da aka yanko daga hanjin Baba ne. Ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa sun kewaye ƙarin.

"Waɗannan sojojin jikinka ne, Baba."

"Alhamdulillahi!" in ji 'yar. "Ka gani? Sun yi masa ƙawanya. Ina ba ka jiƙon ƙarfafa garkuwar jiki kana ɓata rai."

"Ba yaƙarsa suke yi ba," in ji likita. "Ƙarin ya ruɗe su, sun ɗauka rauni ne. Idan suka ga rauni, sabbin jijiyoyin jini suke kira. Da jinin nan yake girma."

'Yar ta sa ƙafa ta tura filas ɗin jiƙon ƙarƙashin kujera.

"Likita, ko jiƙona ne ya jawo?"

"A'a. Bai kai can ba."

"Ai na gaya miki ɗaci ne kawai," in ji Baba. Ya dubi hoton. "Wato ma'aikatan gidan ruwa ne da kansu suke ja wa ɓarawo layi."

"Kusan haka. Akwai wata sabuwar allura da za ta tare saƙon da suke aikawa, jijiyoyin su daina tsirowa. Ban ce za ta warkar da kai ba. Tana iya sa hawan jini. Lokaci dai nake nema maka."

Baba ya tashi da kyar. Ya durƙusa gaban famfon, ya laluba ƙasansa, ya murɗa makullin ruwan. Ɗigar ta tsaya.

"Ba gyara na yi ba, likita. Rufewa kawai."

'Yarsa ta kama shi ya miƙe. Ya zauna yana haki, sannan ya fara naɗe hannun rigarsa na hagu.

"A nan za ku sa. Na dama ya gaji da allura."