Kabarin da Ilbak Ya Gina

Tafaltas ɗaya ce ta rage a duk kwarin Tin Azar, 'yar itaciya da ba ta wuce ƙugun mutum ba, mai farin fure da ganyen da tsofaffi ke jefawa a shayi. Ma'aikatan gandun daji sun zo daga garin Janet, suka auna ta, suka ɗauki hoto, suka ce irinta na gab da ƙarewa, suka hau mota suka yi gaba. Awaki dai ba su halarci wannan jawabi ba.

Ilbak, wanda ya tashi da shayin ganyenta a hannun mahaifiyarsa Takna, shi ya ɗauki abin da zafi. Kafin ya tafi neman aiki Tamanrasat, yini biyu ya yi yana jidar duwatsu, ya kewaye itaciyar da su.

Takna ta zo ta tsaya a kai. "Kai ɗan nan, wa ya rasu?"

"Inna, maganin awaki ne."

"To, ni dai kabari nake gani."

Ya yi mata dariya, irin dariyar wanda ya fi uwarsa wayo.

Shekara biyar ya yi bai dawo ba. A cikinsu Takna ta rasu, aka binne ta ba ya nan. Da ya dawo, ko hutawa bai yi ba ya nufi kwarin da rana tsaka, don ya tsinko ganye ya dafa shayi irin nata.

Tulin duwatsu ya tarar, ya fi shi tsawo. Wani dattijo mai raƙuma yana duƙe a gefe, yana zaɓen dutse.

"Tsaya, baba! Me za ka yi?"

"Kai baƙo ne? Ai ba a wuce kabari ba a ɗora dutse ba. Wata baiwar Allah ce kwance a nan, ƙishirwa ta kashe ta. In rana ta yi zafi har ƙanshinta ake ji."

"Wa ya faɗa maka?"

"Kowa ya sani."

Ilbak ya hau tulin yana watsar da duwatsu har yatsunsa suka fashe, dattijon na ja da baya yana a'uziyya. Kowane dutse mutumin kirki ne ya ɗora shi da addu'a a baki, kuma wannan ne ya fi ci masa rai, don babu wanda zai ɗora wa laifi.

Can ƙasa ya iske ta. Rassan sun kakkarye, sun bushe ƙayau, ko ɗigon kore babu. Ya murza wani busasshen ganye, sai ƙanshin ya taso, ƙanshin shayin Takna sak, kamar tana tsugune a bayansa tana fifita gawayi. Bai yarda ya waiga ba.

"Ka gan ta?" in ji dattijon daga nesa. "'Yar gidan wa ce?"

Ilbak ya ja rawani ya rufe fuska har idanu.

"Tamu ce, baba. Ni na binne ta da rai."

Ya je ya karɓi dutsen dattijon, ya fara mayar da duwatsun.