Kifin da Bai Ga Wuta Ba

A shekarar da aikin hajji ya faɗo a tsakiyar zafi, Baba Usuman ya ce zai koma gida. Ya faɗi maganar ne da safe, yana zaune a ƙofar ɗakinsa na katako da gwangwani a unguwar Karantina ta Jidda, kamar mai cewa zai leƙa kasuwar Bab Makka ya dawo. 'Yarsa Zaituna tana hura gawayin shayi. Ba ta ɗago kai ba, amma mafici ya tsaya a hannunta.

Gida a bakin Baba Usuman shi ne Yauri, a gaɓar Kwara. Can ya tashi masunci ɗan masunci, ya baro garin yana saurayi, ya yi shekaru yana tafiya da ƙafa har ya ƙetare teku ya sauke farali. Daga nan zama ya kama shi a Jidda. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya yi aure, ya haifi Zaituna da ƙaninta Abdulghani, ya binne matarsa. Bana kuma sai ga wani alhaji mai suna Yahya, ɗan ƙanensa, ya bi ta bakin mutane har ya same shi. Yahya zai juya da ayarin masu komawa, tsoho ya ce ƙafarsa ƙafar yaron.

Zaituna ta yi magana, Abdulghani ya yi, limamin unguwa ma ya sa baki. Hanya doguwa ce, jirgin ruwa zuwa Sawakin ta ƙasar Sudan, sannan jirgin ƙasa, sannan manyan motoci cikin rairayi, ga shi mutum ya tsufa yana tari. Ya saurare su duka bai canza ba. Daga ranar Zaituna ta rage magana da shi. Takan ajiye masa abinci ta ce bismilla, ta wuce.

Aikin girki take yi a gidan wani Bature ma'aikacin ofishin jakadanci. Mutanen gidan sukan fita bakin teku shan iska idan rana ta yi sanyi, kuma ita ke haɗa musu abin taɓawa. Cikin abubuwan da matar gidan ta koya mata akwai wani na kokwamba da jan kifi mai suna salmon, wanda ake kawo musu a jirgin sama cikin ƙanƙara. Ranar Alhamis, ana jibi ayarin Yahya zai tashi, matar ta tarar da ita tsaye a gaban famfo, ruwa yana zuba, ba ta wanke komai. Ta tambaye ta da guntun Larabcinta. Zaituna ta gaya mata. Matar ta buɗe firji ta ciro ɓarin kifin da ya rage, ta naɗe shi a takarda mai maiƙo, ta ce ta zo gobe ta ɗauka da ƙanƙara, ta kai mahaifinta bakin ruwa.

Abdulghani ya roƙi wani abokin aikinsa mota mai buɗaɗɗen baya. Bayan sallar la'asar ranar Juma'a suka fita su huɗu har da Yahya, da tabarma da tulun ruwa da butar shayi. Suka wuce inda aka rushe tsohuwar ganuwa, suka bi gaɓa ta arewa har gidaje suka ƙare. Iska mai ɗumi da gishiri tana manna musu riguna a jiki.

"Yalla, ya Zaituna," in ji Abdulghani bayan ya shimfiɗa tabarma. "Ƙanƙarar nan ta kusa zama ruwa."

Ta san haka. Kifin ba ya jimre zafi, shi ya sa ba ta haɗa komai a gida ba. Ta zauna gefe ta ɗora faranti a cinya. Ta wanke kokwamba, ta fere bawon layi-layi tana barin kore tsakani, ta yanka da'ira-da'ira da kaurin ɗan yatsa. Ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta jira ruwan ya tsattsafo, ta dangwale shi da tsumma mai tsabta don kada abin ya jiƙe. A ƙaramin kwano ta dama labna, kindirmon nan da ake tsanewa har ya yi kauri, da ruwan lemun tsami da wani ganye mai ƙanshi da ake kira shabat da ta yayyanka. Kowane yanki ta ɗora masa ɗan cokali ɗaya. Sannan ta buɗe takardar.

Tsoho yana kallon teku ne, amma ƙanshin na isa gare shi ya juyo.

"Me kika ƙona?"

"Ban ƙona komai ba, Abuya. Kifi ne."

"Miƙo in gani."

Ta yago siririn yanki ta ba shi. Ya ɗaga shi sama, hasken rana ya ratsa ta ciki. Ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu, ya sake shinshinawa.

"Wannan ai bai ga wuta ba," ya ce. "Hayaƙi kawai ya sha, daga nesa. An yi masa gishiri, an rataye shi a wuri mai sanyi. Mu namu a kan wuta muke shanya shi har ya yi baƙi, ya bushe kamar itace, ya shekara a buhu. Yahya, har yanzu ana banda a bayan kasuwa?"

"Ana yi, Baba. Sai dai an matsa da ita bakin sabuwar kwata."

Zaituna ta ci gaba da aiki. Tana naɗe kowane yankin kifi ta dasa shi a kan labna, ta bi da ɗan garin masoro. Kafin shayi ya tafasa faranti ya cika, ja a kan fari a kan kore. Ta ajiye a tsakiyar tabarma.

Yahya ya ɗauki ɗaya don kara, ya tauna da ƙyar, ya kora da ruwa. Abdulghani ya yi masa dariya. Baba Usuman kuwa, wanda ya yi makonni yana tura abinci gefe, ya ci ɗaya a hankali, idonsa a rufe, ya miƙa hannu ya ƙara.

"Sanyinsa ya shiga har ƙirji," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Albarkar ce ta karya ta. Ta ajiye wuƙar.

"Abuya, me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba, sai alheri."

"To wa ka sani a can? Ummi tana nan kwance. Mu muna nan. Mutane suna sayar da duk abin da suka mallaka don su zo su mutu a wannan ƙasa, kai kuma za ka bar ta. In ka faɗi a hanya wa zai gaya mana?"

Abdulghani ya ce, "Halas, ya isa haka, 'yar'uwa," amma tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Bar ta, gaskiya ta faɗa." Ya goge yatsunsa a gefen tabarma. "Zaituna, ruwan nan da kike gani, na fi shekarun rayuwarki ina kallonsa. Ban taɓa sa masa baki ba, ba a shansa. Ina so in durƙusa a bakin Kwara in ɗiba da hannuna in sha. Ba ni da wata hujja da ta fi wannan, kuma na san ba ta kai ta ishe ki ba."

Ba ta ishe ta ba. Amma ta dubi wuyansa da ya rame, ta ga ba neman izini yake ba, sallama yake yi. Ta matso ta zauna kusa da shi, kafaɗarta tana taɓa tasa, abin da ba ta yi ba tun tana yarinya. Ta ɗauki yanki ɗaya ta sa masa a hannu, ta ɗauki ɗaya ta ci. Suka cinye farantin tare. Da rana ta faɗa ruwa Yahya ya kira salla, tsoho ya ja su a kan rairayi, muryarsa tana yankewa a tsakiyar aya yana jonawa.

Washegari suka raka shi tashar jirgin ruwa. Ta ɗaura masa busasshen burodi da dabino a ƙunshi, ta ja Yahya gefe ta nuna masa yadda ake jiƙa maganin tarin. Tsohon ya hau tsani yana riƙe da igiya, bai waiwayo ba sai da ya kai sama.

Labari bai zo ba sai da hajji ya zagayo. Wani mutumin Yauri ya yi sallama a ƙofar gidan da hantsi, ya ce Alhaji Yahya ne ya aiko shi. Zaituna ta shimfiɗa masa tabarma, ta tsaya daga bakin labule.

"Ya isa?" ta tambaya.

"Ya isa, Hajiya. A kan jaki aka ƙarasa da shi, amma ya isa. Ya yi damina ɗaya da mu. Bayan an yi girbi Allah ya karɓi abinsa."

Ta yi salati a hankali. Can ta ce, "Akwai wanda ya gane shi?"

Mutumin ya ce, "Tsaransa duk sun wuce. Sai wani makaho guda, tsohon mai tuƙa kwalekwale. Da ya ji muryarsa ya kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi suna yara. Kullum tare suke wuni a bakin ruwa."

"Wane suna?"

"Wallahi ban riƙe ba, Hajiya."

Ta kawo masa shayi da dabino, ta jira ya gama ya yi addu'a ya tafi. Sannan ta ɗauki mayafinta ta kulle ƙofa, ta nufi tashar jiragen ruwa, inda Abdulghani yake aiki, don ta gaya masa kafin ya ji a bakin wani.