Makullin Ya Fita

Norio yana janye tamfol daga kan motar lokacin da Chizuru ta sauko matakalar dutsen da gudu, silifas ɗin ɗaki a ƙafarta, wasiƙa a hannunta.

"Mayar da shi, Yaya."

"Ke kuma? Janwe na zuwa ƙarfe sha ɗaya, ta ja ta zuwa wurin 'yan gwangwan. Ai mun gama wannan maganar."

"Kai ka gama ta. Ungo, karanta."

Ya goge hannunsa a wando ya karɓa. Sunan mahaifinsu ne a bayan ambulan, Iwanaga Tokuji, daga kamfanin da ya ƙera motar. Rubutun cike yake da ladabi. Kamfanin yana baƙin cikin sanar da masu wannan samfurin cewa akwai wani ɗan ƙarfe a cikin gidan makulli da kan cinye idan mota ta kwana biyu, har makulli ya riƙa fita alhali giya ba ta kan fakin. Idan ba a ja birkin hannu ba, motar tana iya gangarawa. A kawo ta garejin dillali mafi kusa. Gyaran kyauta ne, kuma ba ya wuce minti arba'in.

"Minti arba'in," in ji Norio. Ya ninke takardar ya miƙa mata. "To, sai me, Malama Injiniya? Za ta dawo mana da Mama?"

"Za ta dawo mana da Baba."

"Baba yana sama yana shan shayi. Jibi addu'ar cika shekara. Kina so dangi su biyo ta gaban wannan abin, su gan shi da lotsattsen bayansa?"

"Su gan shi mana. Sun ga dama sun yi magana a bara, bana ma su kalla."

Motar tana nan inda 'yan sanda suka sauke ta wata goma sha ɗaya da suka wuce, a ɗan filin siminti da ke gindin matakala, hancinta na kallon tudu, kowace taya da waigin katako a bayanta. Taku takwas daga bayanta akwai katangar dutse a kwanar layin. Daga nan unguwar take zubowa gida bisa gida har tashar jiragen ruwan Nagasaki.

A wannan filin suka tsaya a ranar, sun dawo daga kasuwa. Mama Fusae ta fita ta buɗe but don ta ɗauko buhun shinkafa da kwalin lemon zaƙi. Baba ya kashe mota ya fito. Motar ta taho da baya a hankali, ba ƙara, ba komai, ta haɗa Mama da katangar. Maƙwabta sun ce har gindin tudu aka yi ta tsintar lemo.

'Yan sanda sun tarar da giya a kan ribas, saura taki ɗaya ta shiga fakin, birkin hannu a kwance, makulli kuma a aljihun Baba. Ya gaya musu ya zare shi tun kafin ya fito. Jami'in da ya ɗauki bayanin ya yi masa magana a hankali, irin yadda ake yi wa marar lafiya. Makullin irin wannan motar ba ya fita sai giya na kan fakin, in ji shi. Bayan abin ya faru ne Baba ya koma ya fizge shi cikin ruɗu, ya manta. Shekara saba'in da ɗaya, ba abin kunya ba ne. Chizuru ta ce, in dai ba ya fita, ta yaya ya fizge shi daga baya giyar tana nan a ribas? Jami'in ya ce mutum a gigice yana da ƙarfin da shi kansa bai sani ba. Baba ya sunkuyar da kai ya buga hatiminsa a takardar.

Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa taragon cikin gari bai taɓa gogar ko keke ba, ya je da ƙafarsa ya mayar da lasisi. Ya bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya yana rusunawa, yana ba da haƙurin tashin hankalin da ya jawo wa unguwa. Chizuru ta bi shi a baya, amma ba ta rusuna wa kowa ba. Ta ajiye aikinta a wani kamfanin injuna a Fukuoka ta dawo gida. Wasiƙa bakwai ta rubuta wa masu motar, har da zanen gidan makulli da hannunta. Amsa bakwai ta samu, kowace tana gode mata da kulawa. Goggonta ta ce a gaban mutane karatu ya yi wa yarinyar nan yawa, ba ta san lokacin da ake yin shiru ba. Chizuru ta ce ta sani sarai, lokacin ne bai yi ba.

Abu ɗaya ya gagare ta: gwada makullin. Baba ya ajiye shi gaban hoton Mama, kusa da ɗan kofin shinkafa da turare, ya ce kada wanda ya taɓa.

Ta haye matakala arba'in da biyu ta same shi a can, a durƙushe. Shayin da ta haɗa masa ya huce. Shi ba ya kunna risho yanzu. Ba ya fita shi kaɗai. Sau biyar a yini zai kira ta, "Chizuru, na rufe famfo? Duba mini, ni ba a yarda da kaina."

"Baba, wasiƙa ce ta zo maka."

"Karanta mini. In na karanta zan manta."

"Ba ka manta komai. Kai ka tuna mini ranar kwashe shara jiya."

Ta karanta masa a tsaye, da ƙarfi, har ƙarshe. Bai juyo ba. Hayaƙin turaren ya miƙe tsakaninsa da hoton.

"Jami'in ya ce ba ya fita."

"Jami'in bai taɓa kwance gidan makulli ba a rayuwarsa. Ni na kwance. Ba ni makullin, Baba. Minti biyar. In bai fita ba, ni da kaina zan taya su ɗaure ta a janwe, kuma ba za ka sake jin bakina ba."

"Wannan kam sai na gani," in ji shi, ya ɗan murmusa. "Ke da uwarki, ba a taɓa daina jin bakinku ba."

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya haɗa tafukansa. "Fusae, zan ari wannan," ya ce, ya ɗauki makullin. Bai miƙa mata ba. Ya tashi ya nemi takalminsa.

Norio ya jefar da sigarinsa da ya hango su suna saukowa. "Haba, Chizuru. Har shi za ki jawo?"

"Ni na jawo kaina," in ji Baba. "Duba waigin nan, Norio. Duka huɗun."

Ya shiga mazaunin direba. Chizuru ta zagaya ta zauna a gefensa, inda matashin da Mama ta saƙa yake har yanzu, ya ɗauki siffar bayanta. Cikin motar yana warin ƙura da rana. Batir ya daɗe da mutuwa, don haka ta tura sukundireba cikin ɗan ramin da ke sakin giya. Baba ya sa makulli ya murɗa, ya ja giyar zuwa ribas, ya mayar da makullin baya. Ya ja.

Makullin ya fito sumul, ko gardama bai yi ba.

"Ka gani!" Chizuru ta bugi dashbod da tafinta. "Yaya, zo da wayarka ka ɗauka. Sake yi, Baba."

Ya sake. Ya sake fita. Sau uku. Norio ya leƙo ta taga da waya a hannu, fuskarsa ta yi fari fat.

Shekara guda Chizuru tana tanadin wannan lokacin. Ta san abin da za ta gaya wa jami'in, da abin da za ta gaya wa Goggo jibi gaban dangi, har ma ta zaɓi kalmomin. Ta juya ga mahaifinta tana jiran ta ga fuskarsa ta buɗe.

"Ba ka rikice ba, Baba. Kanka ƙalau yake. Abin da ka gaya musu, haka ya faru."

"Haka ne," in ji shi a hankali. "Ashe na tuna daidai."

Yana kallon makullin a tafinsa. Sannan ya sa hannun hagu a kan birkin hannu, ya danna maɓallin ya kwantar da shi.

Motar ta ɗan yi baya, bai fi faɗin yatsa biyu ba, ta zauna a kan waigi. Katakon ya yi ƙara. Norio ya yi tsalle ya kama ƙofar. Chizuru ta dafe dashbod. Wannan ɗan motsin, ta gane, shi ne farkon abin da Mama ta ji a jikinta.

"Haka yake a ranar," in ji Baba. "Sake karanta mini layin nan. Na bayan maganar ƙarfen."

Ba ta buƙatar takardar. "Idan ba a ja birkin hannu ba."

"Kin san yadda nake yi."

Ta sani. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya sani. Al'adar direbobin tarago ce ta bi shi har gida: kowane abu sai ya nuna shi da yatsa ya kira sunansa da ƙarfi kafin ya wuce zuwa na gaba. Suna yara su kan kwaikwaye shi a kan tebur, su nuna kwano su ce, "Miya, daidai!"

"Na kashe mota," in ji shi. "Na zare makulli na nuna shi, na ce, 'Makulli ya fita, giya ta zauna.' Da shi nake sanin giya, shekara goma sha huɗu bai taɓa yi mini ƙarya ba. Saura birkin hannu. Sai uwarku ta buga gilashin baya tana dariya. Ta ce, 'Direba, fasinjarka ɗaya ce tak, kuma ta tsufa tana jiranka. Zo ka kama mini buhun nan, ka ƙarasa wa'azin a gida.'" Ya ɗaga yatsansa. "Yatsana yana sama. Sai na ji ni kamar wawa, tsoho yana magana da ƙarfe. Na yi dariya ni ma. Na sauke hannuna na fita."

Can ƙasa wani jirgin ruwa ya yi kuka.

"Ba ka taɓa faɗa ba," in ji Norio.

"Da jami'in ya ce ƙwaƙwalwata ce ta ƙirƙiro maganar makulli, sai na ce to, wataƙila wannan ma ita ta ƙirƙiro. Wataƙila ba ta yi dariya ba. Wataƙila ban ɗaga yatsa na sauke ba, tsufa ne kawai ya shafe abin, ba ni na bari ba." Ya shafa sitiyarin. "Da wannan wataƙilar nake samun barci."

Chizuru ta kalli wasiƙar da ke hannunta. Wasiƙa bakwai, da zane, da duk rashin kunyar da aka ce ta yi, ashe abin da take ta haƙa ke nan.

"Da makullin ya ƙi fita, da ka duba giyar," ta ce. Muryarta ba ta fito da ƙarfin da ta so ba. "Don haka aka yi shi. Don ranar da mutum zai yi dariya ya manta. Su suka san ƙarfen yana cinyewa, ba kai ba."

"Gaskiya ne. Nasu nasu ne." Ya kalle ta. "Nawa kuma nawa ne. Kada ki ƙwace mini shi, 'yar nan. Kin yi ƙoƙari, amma wannan ki bar mini."

"Ka yafe ni, Baba."

"Me kika yi? Kin dawo mini da dariyarta. Shekara guda ban san ko ta gaske ce ba."

Janwe ta yi oda a kwanar ƙasa, tana hawowa da ƙyar a kunkuntar hanyar. Norio ya duba agogo ya dubi mahaifinsa.

"Me zan ce wa mai janwen?"

"Mota nawa suka aika wa wannan takardar?" Baba ya tambayi Chizuru.

Ta juya bayan wasiƙar. "Dubu ɗari biyu da 'yan kai."

"Rabinsu ba za su buɗe ambulan ba. Ni ma da ban buɗe ba." Ya juya ga Norio. "Ba wurin 'yan gwangwan za ta ba. Ce masa ofishin 'yan sanda zai kai ta, yadda take, kada a gyara komai. Chizuru za ta yi musu bayani, tunda ita ce mai baki. Zan bi ku. Akwai abin da zan ƙara a takardar da na buga wa hatimi."

"Baba, in ka faɗi maganar birkin…"

"Sun san yana kwance. Dalilin ne ba su sani ba."

Norio ya gangara ya tari janwen. Baba ya mayar da giyar fakin, ya gyara zama, bayansa ya miƙe kamar yana cikin kakinsa na aiki. Ya ɗaga makullin ya nuna shi da yatsa, amma bai kira sunansa ba. Ya kama birkin hannu ya ja shi har ƙarshe, haƙoransa suna ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga yatsa ya nuna shi.

"Birkin hannu," in ji shi da ƙarfi, muryarsa ta cika motar. "Daidai."

Yatsansa ya daɗe a sama. Chizuru tana zaune a kan matashin mahaifiyarta, ta jira shi har ya gama.