Hoton Gidan Kaka Tsuruda

"Goge shi," in ji tsohuwar.

Kuwahara ya sauke kyamara daga fuskarsa. Tun da safe yake yawo a ƙauyen da guguwar teku ta daka shekaranjiya, bai samu hoton kirki ko ɗaya ba. Mutanen nan ba su iya jira ba. Kafin ya iso lungu sun share shi, sun jera jiƙaƙƙun tabarmi a bakin hanya tsaf kamar kayan sayarwa. In ya ɗaga kyamara sai su rusuna, suna ba shi haƙurin lakar da ta ɓata masa takalmi. Sau uku editarsa, Nagamine, tana kira: "Ɓarna na aike ka ɗaukowa, ba gasar tsafta ba. In babu hoton shafin farko zuwa ƙarfe huɗu, ka koma ɗaukar bukukuwan makarantu."

Sai ya faɗo gidan Kaka Tsuruda. Ruwa ya kai saman taga, ya bar baƙin layi a bango. Katifa yashe a ƙofa, tukunyar shinkafa cike da taɓo, ita kuma a tsaye da tsintsiya. Abin da yake nema ke nan, ya ɗauki hoton nan take.

"Kaka, na jarida ne. Don duniya ta ga abin da ya same ku."

"Duniya ta ga katifata? Shekara hamsin da ɗaya ba wanda ya taɓa ganin ƙura a gidan nan. Haka uwarka ta koya maka, ka leƙa ɗakin mutane ba sallama? Goge shi ina kallo."

Ya danna wani maɓalli dabam, ya nuna mata gilashin ya yi baƙi. "Ya tafi."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba ta yi masa nauyi a baki ba. Shekara ashirin a sana'ar nan sun sa ya saba. Tsohuwar ta ba shi dunƙulen shinkafa mai gishiri, ya cinye a mota.

Waya ba ta kamawa sai a makarantar da aka tsugunar da mutane. Can ya je, ya tura hoton da ƙarfe uku da rabi, ya zauna a bakin matakala yana murza gwiwoyinsa.

Sai ga Kaka Tsuruda tana tahowa, hannuwanta sun yi jajur saboda sabulu.

"Mai hoto, na yi wauta," ta ce, idonta a ƙasa. "Na wanke bangon tas, har layin. Yanzu ma'aikacin gunduma ya ce sai da hoton inda ruwa ya kai za su ba ni takardar shaidar ɓarna. In babu ita, babu taimakon gyara. Abin da aka goge, yakan dawo?"

Kuwahara ya kunna kyamarar ya miƙa mata.

Ta ƙura wa hoton ido, ta bi baƙin layin da yatsa.

"Ashe kai maƙaryaci ne."

"Haka ne, Kaka."

"To, a wanke min biyu." Ta mayar masa da kyamarar. "Amma ofis kaɗai zai gani, ko?"

Wayarsa ta motsa a aljihu. Ya leƙa. Nagamine ce: Shafin farko. Ka fita kunya.

"Ofis kaɗai," ya ce. Wannan karon ƙaryar ta yi masa nauyi a baki.

Tsohuwar ta rusuna ƙasa sosai, irin rusunawar da bai cancanta ba. Da ta ɗago, sai idonta ya sauka kan tambarin jaridar da ke rataye a wuyansa, ta matso ta karanta.

"Au, ashe taku ce," ta ce, fuskarta ta saki. "Ita ake kawo min kowace safiya, tun mai gidana yana da rai."